Abin da Hajiya Ta Raɗa Mini a Gado na Bakwai

Ku gyara zama, 'yan uwa, don yau ba kuka na zo yi muku ba. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ramla Yahaya, 'yar Ƙofar Marusa, kuma ni ce wadda aka ɗage wa aure saboda hoto ɗaya tak.

Ni ba nas ba ce, ban iya ko ɗaura ƙarin ruwa ba. A ɗakin kati nake aiki. Da korona ta shigo sai aka mayar da ni cibiyar killace masu cutar, aka damƙa mini wani ƙaton littafi mai shuɗin bango. Duk wanda aka kwantar, ni ke rubuta sunansa, shekarunsa, ciwon da ya zo da shi tun daga gida, da kuma yadda ya fita: da ƙafarsa, ko a makara. A watan Maris na 2021 aka ƙara mini layi ɗaya a littafin: ya yi rigakafi ko bai yi ba. A wannan watan ne mu ma'aikata aka yi mana allurar. Na fito ina murna, na ɗauki hoto da ɗan katina a hannu, sanye da hijabina ruwan toka, na ɗora a waya kowa ya gani.

Ashe har Ƙofar Guga hoton ya kai.

Salahuddeen, ɗan unguwar, shi ne wanda zan aura. Haɗa wutar sola yake yi, dogo ne baƙi, mai sanyin magana, kullum aljihun gabansa da ɗan sukundireba. An riga an sa rana, sati biyu bayan Babbar Sallah. Har Inna ta fara tara kwanuka a ƙarƙashin gado, ta sayo labule masu ruwan zuma ta ɓoye a akwati.

Wata Asabar da hantsi ina wanke shinkafa sai ga Anti Rakiya, ƙanwar mahaifiyarsa, ta yi sallama cikin leshi ruwan goro da mayafi har ƙasa. An daɗe ana gaisawa, an tambayi gida, an tambayi zafi, an tambayi masu jiki. Daga nan ta sauke murya.

"Hajiya ce ta aiko ni. Ta ce a yi haƙuri a ɗan ɗaga bikin."

Inna ta ce, "Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Allurar nan ce da ɗiyarku ta yi. Kin san abin da ake faɗa, wai wadda ta yi ba ta haihuwa. Salahuddeen kuwa shi kaɗai ne namiji a ɗakin Hajiya. Ta ce a jira shekara a ga yadda jikin waɗanda suka yi zai kasance."

Wallahi shinkafar nan a rariya ta ƙare. Shekara fa! Kamar wata akuyar da aka ajiye a ga ko za ta yi ƙiba.

Tana fita Inna ta hau ni. "Ke wa ya aike ki ɗaukar hoto? Ki kira shi ki ce wasa kike yi, katin ƙawarki ne."

"Inna, ƙarya zan yi?"

"Ƙarya ce ta fi, ko zaman gida? Ƙannenki biyu suna bayanki!"

Baba yana bakin ƙofar ɗakinsa kan keken ɗinki, bai ɗago ba. Sai da ya kai ƙarshen layin da yake ɗinkawa, ya yanke zare da haƙori, sannan ya ce, "Rabi, ƙyale yarinyar nan. Ba da ƙarya za ta shiga gidan mutane ba." Shi ke nan abin da ya faɗa. Washegari ya sa hularsa ya je aka yi masa tasa allurar, ya dawo ya ajiye katin a kan rediyo inda duk mai shigowa zai gani.

Shi kuwa gogan nawa, ga saƙon da ya turo:

"Ki yi haƙuri Ramlata. Hajiya ce. Zan lallaɓa ta."

Na rubuta: "Kai ka yarda da maganar?"

Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Can sai ga shi: "Ni ban san me zan yarda da shi ba."

Wannan amsar ta fi saƙon Anti Rakiya yi mini ciwo. Ban toshe lambarsa ba, amma na koma amsa masa da "to" da "Allah Ya kaimu". Babbar Sallah ta zo ta wuce. Ranar da ya kamata a ɗaura aurena ina cikin rigar kariya, gumi yana bin bayana, ina rubuta sunayen mutane.

Domin a daidai lokacin ne cutar ta dawo da sabuwar fuska. Dakta Rashida, shugabar cibiyarmu, ta tara mu ta ce samfurin da ake aikawa gwaji ya nuna wani nau'i ne da ake kira Delta. Mu ma ba sai an faɗa mana ba. Bara mutum zai zo da tari da zazzaɓi, ya yi kwanaki kafin numfashi ya fara gagararsa, kuma yawanci tsofaffi ne. Wannan karon sai ka ga magidanci ɗan shekara arba'in ya shigo yana magana da safe, kafin la'asar yana neman iska kamar wanda aka danne. Tukwanen oksijin ba sa kwana biyu. Ni kuma da nake rubutu na fara lura da wani abu: in na bi sunayen waɗanda aka sa wa oksijin da yatsa, na duba ɗan layin nan nawa, kusan duka "bai yi ba" ne, "ba ta yi ba" ne. Masu "ya yi" ma suna zuwa, kada in yi muku ƙarya, amma akasarinsu kwana huɗu, biyar, sun fara neman a kawo musu tuwo.

Ranar wata Talata a tsakiyar Agusta, ana yayyafi, wayata ta yi ƙara sau uku a jere. Salahuddeen. Na ɗauka a na huɗu.

"Ramla, muna bakin ƙofarku. Alhaji ne da Hajiya. Gwajin ya nuna suna da ita."

Na fito na same su a ƙarƙashin rumfa. Alhaji Baƙo, mahaifinsa, dillalin hatsi ne, mutum mai jiki da murya, amma ranar an riƙo shi ne ta kafaɗa biyu, babbar rigarsa ta jiƙe, leɓensa ya yi duhu. Hajiya Laraba tana kan benci, atamfarta kore shar, awarwaron zinare a hannu, takunkumi ya zame ƙasan hanci. Muka haɗa ido. Ta kawar da kai.

Na durƙusa na ce, "Hajiya, ina wuni? Ya jiki?"

"Da sauƙi," ta ce wa bango.

Na buɗe littafina ina tambaya, Salahuddeen yana amsawa. Alhaji: shekara sittin da bakwai, ciwon suga, hawan jini. Rigakafi? Bai yi ba. Hajiya: sittin da ɗaya, ita ma hawan jini da suga. Rigakafi?

Ya sosa ƙeya. "Tana da kati, amma ki rubuta ba ta yi ba. Lokacin da ta biya kujerar Makka bana aka ce dole sai da katin, sai ta sa aka samo mata ba tare da allura ba. Kowa a gida ya sani. Ga shi ma aikin Hajjin bai yiwu ba."

Na ɗora biro zan rubuta, sai nas ta kira a shigo da su. Na bar layin a buɗe.

Dokar cibiya ba a shiga da ɗan jinya. Aka wuce da Alhaji ɗakin maza, kai tsaye aka sa masa oksijin. Hajiya aka ba ta gado na bakwai a ɗakin mata, kusa da taga. Bayan azahar na shiga da rigar kariya in ƙarasa cike takardunta. Ban ɗauka za ta gane ni ba, ido kawai ake gani. Ina juyawa zan tafi sai na ji an riƙe mini hannu.

"Ɗiyar Malam Yahaya."

"Na'am, Hajiya."

"Abin nan da kike rubutawa, likita na aiki da shi?"

"Sosai ma."

Ta dubi gado na shida, matar tana barci. Ta jawo ni har sai da na sunkuya, ta raɗa mini: "To rubuta na yi. Sau biyu. Ɗaya kafin azumi, ɗaya bayan ƙaramar Sallah."

Jama'a, saura kaɗan littafin ya faɗi.

"Na je ne da niyyar a ba ni kati kawai," ta ci gaba, tana tari. "Yarinyar da ke wurin ta ce ko in miƙa hannu ko in kama hanya. Ni kuwa raina na Makka. Na miƙa. Da na dawo gida kunya ta hana ni faɗa, don ni ce na cika wayoyin matan unguwa da saƙon kada kowa ya yi. Sai na ce saye na yi."

"To Hajiya, ni kuma laifina...?" Bakina ne ya suɓuce, wallahi.

"Ni na gama haihuwa, ke ko ba ki fara ba. Abin da na gaya wa kaina ke nan." Ta saki hannuna. "Kada ki faɗa ma kowa. Ko shi."

Na rubuta "ta yi, sau biyu", na kai wa Dakta Rashida, na koma ɗan ofishina na zauna. Wayata na kan tebur. Saƙon Salahuddeen yana ciki: "Ya suke? Don Allah ki gaya mini komai."

Ku faɗi gaskiya, da ku ne me za ku yi? Layi ɗaya zan rubuta, Ƙofar Guga ta kama da wuta. Inna ta samu abin faɗa har shekara. Na ɗauki wayar, har na rubuta "Ka san Hajiyarka", sai na tsaya ina kallon kalmomin. Ranar da aka ɗauke ni aiki an gaya mini abin da mara lafiya ya faɗa amana ce. Kuma matar nan ba don tana so na ta faɗa mini ba, don tana tsoron mutuwa ne. Na goge. Na rubuta: "Hajiya da sauƙi. Alhaji yana kan oksijin. Ku dage da addu'a."

Daga nan hanyarsu ta rabu, ina gani da idona. Hajiya ta yi kwana biyu tana zazzaɓi da ciwon gaɓɓai, a na uku ta zauna ta yi salla, a na huɗu ta ce kunun asibiti ba gishiri ba suga, a kira gida a kawo mata fura. Ko sau ɗaya ba a sa mata oksijin ba. Alhaji kuwa kullum ƙasa yake yi. An kifa shi rub da ciki don huhun ya samu sarari, an ƙara ƙarfin iska, suga ya haura ya ƙi sauka. Mutumin da in ya yi magana a kasuwa ake ji daga layi na uku, ya koma magana da yatsa.

A rana ta biyar Hajiya ta tare Dakta Rashida, ina tsaye da littafi.

"Likita, gida ɗaya muke, kwano ɗaya, ciwo ɗaya. Mi ya sa ni na tashi shi bai tashi ba?"

Dakta ta zauna a bakin gadon. "Hajiya, rai na Allah ne, kuma jiki da jiki akwai bambanci. Amma ke jikinki an riga an nuna masa kamannin cutar, da ta shigo ya gane ta, ya tare ta tun daga ƙofa. Shi nasa bai taɓa ganinta ba, sai da ta kai huhu. Wannan nau'in na bana kuma ya fi na bara sauri da ƙarfi. Allurar ba ta hana ki kamuwa ba, amma ina kyautata zaton ita ta hana ki kwanciya inda yake kwance."

Da Dakta ta fita sai Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

"Ya so ya je a yi mashi allurar," ta ce daga cikin mayafin. "Abokinsa ya zo ɗaukarsa da mota. Ni na tsaya a bakin ƙofa na ce ba inda za shi. Da allurar a jikina, Ramla. Da ita a jikina na hana shi."

Karon farko ke nan da ta kira sunana. Ban san lokacin da na dafa ta ba.

Tun daga ranar na zama 'yar aike tsakanin ɗakuna biyu. Nakan sa wayata a leda, in ɗauki muryar Hajiya, in je in kara wa Alhaji a kunne. "Alhaji, ka ci abinci, ka ji? Gero ya yi tsada, kasuwa na jiranka." Sai in ga gefen idonsa ya motsa. Da rana in kira Salahuddeen ta bidiyo ya ga mahaifinsa na minti ɗaya. Ranar da aka sallami Hajiya, kwananta bakwai, ƙin tafiya ta yi, sai da Dakta ta ce gadon wata ake jira.

Rana ta goma sha ɗaya ita ce mafi muni. Na'urar da ke maƙale a yatsan Alhaji ta yi ta ƙara, nas biyu suna kansa, Dakta ta ce a sanar da iyali su kasance kusa da waya. Na fita bayan cibiya, gindin dalbejiya, na cire takunkumi na yi kuka mai isata. Ba don aure ba, na rantse. Na riga na cike layin "yadda ya fita" sau da yawa a watan nan, ban so in cike nasa da hannuna.

Allah da ikonSa, washegari lambar da na'urar ke nunawa ta daina sauka. Da aka sake kwana ta ɗan hau. A rana ta goma sha biyar aka rage iska, a ta goma sha takwas aka cire gaba ɗaya, Alhaji ya dube ni ya ce da wata 'yar siririyar murya, "Ke ce mai kawo mini faɗan Hajiya a leda?" Duk ɗakin aka sa dariya, har masu tari.

Kwanansa ashirin da biyu. Ya fito a keken marasa lafiya, rigar da ya shigo da ita ta yi masa yawa kamar ta aro, amma da ya iso bakin ƙofa ya ce a tsaya, ya miƙe, ya taka da ƙafarsa har mota. Masu shara da masu gadi suka yi ta kabbara. Na koma ofis na rubuta "ya warke, ya tafi gida", na ja layi biyu a ƙarƙashi, abin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Ni a zatona an gama ke nan. Ranar Juma'a ina gida ina tsefe kai, sai Inna ta fito daga ɗaki da waya a hannu, ɗankwali a karkace.

"Ramla! Zo ki ji! Duk garin nan an tura!"

Saƙon murya ne, minti uku. Muryar Hajiya Laraba, ba rawa ba in'ina:

"Assalamu alaikum matan Ƙofar Guga da duk wadda saƙona na baya ya kai gare ta. Ni ce Laraba matar Alhaji Baƙo. Na yi muku ƙarya. Katina ba na saye ba ne, allura aka yi mani har sau biyu. Na kwanta kwana bakwai na tashi. Maigidana da na hana, kwana ashirin da biyu ya yi, ya leƙa kabari ya dawo. Maganar hana haihuwa kuwa, ni ban gani ba, ji na yi na tura muku, likita kuma ta ce ba ta da tushe. Ɗiyar Malam Yahaya tela ta san sirrina tun ranar farko. Na ɓata mata, tana da damar tona ni, ba ta faɗa ma ko ɗana ba. Na nemi gafarar Allah, ina neman tata. Litinin zan tahi asibitin unguwa da ƙarfe tara, duk mai zuwa ta same ni a ƙofar gida."

Inna ta zauna daɓas a kan turmi. "Kin sani? Duk kwanakin nan kin sani, kika bar ni ina ta sunkuyar da kai a gidan biki?"

"Amana ce, Inna."

Ta dube ni, ta dube ni, sai ta rangaɗa guɗar da ta sa kajinmu suka watse.

An ce ranar Litinin mata ashirin da wani abu suka bi Hajiya, har da Anti Rakiya, wadda aka ce ta runtse ido tana salati tun kafin a buɗe allurar. Salahuddeen ma ya je. Saƙonninsa kuwa sun cika mini waya. "Me ya sa ba ki gaya mini ba?" "Na ji kunya, Ramla." "Ranar da kika tambaye ni ko na yarda, ya kamata in tsaya miki." Na karanta duka. Na ƙarshen na karanta shi ya fi sau goma. Ban amsa ko ɗaya ba, ba don na daina son sa ba, sai don ina so ya ɗanɗana yadda jira yake.

Asabar da la'asar motoci biyu suka tsaya a ƙofar gidanmu. Alhaji Baƙo da kansa, da sanda, da ƙannensa biyu cikin fararen shadda. Aka shimfiɗa musu darduma a zaure. Ni ina ɗaki na sa doguwar rigata ruwan hoda, na cire, na sa atamfa, na sake cirewa, alhali ba wanda zai gan ni. Inna tana maƙale a jikin ƙofar tsakar gida tana kawo mini rahoto da ido.

Can sai ga Baba ya shigo, hannuwansa a baya, fuskar nan ba yabo ba fallasa. Ya tsaya a bakin ƙofata.

"Ramlatu."

"Na'am, Baba." Na durƙusa.

"Sun ba da haƙuri, na karɓa. Sun ce a sa sati uku."

Inna ta ce, "Alhamdulillahi! Ka ce musu to mana, Malam!"

"Ban ce ba." Ya ciro kalandar da ke rataye a bango, ya miƙo mini, tare da biron da ke kunnensa. "Na gaya musu wancan karon su suka ɗaga ba su tambayi kowa ba. Wannan karon mai auren ce za ta sa rana, ko gobe, ko baɗi. Suna zaune, sun ce za su jira."

Inna ta dafe ƙirji. A zaure na ji Alhaji ya yi gyaran murya. Wayata ta yi haske a kan katifa, sunan Salahuddeen: "Ina waje cikin mota. Duk abin da kika ce."

Na karɓi biron, na gyara zama, na fara buɗe shafukan kalandar ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba gaggawa.